Yadda ake karɓar sabon mamba a ikkilisiyar Lutheran: abin da ya kamata ku sani

Duk wanda ya taɓa zama a sujadar Lahadi a wata majami'ar Lutheran a Numan, ko Jimeta, ko Hong, ya san lokacin sanarwa. Mawaƙa sun gama, sun zauna suna share gumi, magatakarda ya fito da littafinsa. Kafin ya shiga lissafin baikon makon jiya da sunayen marasa lafiya, sai ya ɗaga kai ya ce, in akwai baƙo a cikinmu, ya miƙe tsaye mu gan shi. Sai ka ga mutum biyu ko uku sun tashi a kunyace, kowa ya faɗi sunansa, da garin da ya fito, da ikkilisiyar da ya baro. A tafa masu, a rera waƙar maraba, dattijon da ke kusa ya miƙo hannu a gaisa.

Mutane da yawa suna ɗauka da wannan tafin sun shiga ke nan. Da sauran aiki. Wannan marabar kamar ruwan da ake kawo wa wanda ya yi sallama a zaure ce, kowane baƙo yana samu, ko gobe zai wuce. Zama ɗan gida, wanda masu abin ke kira mamba, yana da hanyarsa, kuma rashin sanin hanyar ya sa wasu sun shekara goma suna zuwa majami'a ɗaya, sai ranar da suka zo neman a ɗaura masu aure ko a yi wa ɗansu baftisma aka buɗe littafi aka ga babu sunansu.

Su wane ne 'yan Lutheran?

Sunan ya samo asali daga Martin Luther, wani malamin addini Bajamushe da ya yi jayayya da Cocin Katolika a 1517 a garin Wittenberg. Ginshiƙin koyarwarsa shi ne, mutum ba ya sayen ceto da kuɗinsa ko aikinsa, kyauta ce ta Allah da ake karɓa ta wurin bangaskiya. A riƙe wannan, domin duk tsarin karɓar sabon mamba a kansa yake tsaye.

A arewacin Najeriya wannan ɗariƙa ta shigo ne ta Kogin Binuwai. Wani likita ɗan ƙasar Danmak, Dakta Niels Bronnum, ya sauka a Numan a 1913 a ƙarƙashin reshen Danmak na mishan ɗin SUM, bayan matarsa ta rasu a hanya. Daga ƙasar Bachama aikin ya bazu zuwa ga Mbula, da Lunguda, da Kanakuru, da Yungur, da Kilba, da Chamba. A 1948 aka naɗa fastoci biyar na farko 'yan ƙasa, a 1956 ikkilisiyar ta tsaya da ƙafarta, a 1973 kuma Akila Todi ya zama bishop ɗinta na farko. Yau ana kiranta LCCN, hedkwatarta tana Numan, mambobinta sun haura miliyan biyu, kuma Akbishop Musa Panti Filibus ya shugabanci Tarayyar Lutheran ta Duniya daga 2017 zuwa 2023. Da yake ƙabilun nan kowace da yarenta, Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su a sujada. Shi ya sa kalmomin wannan fanni, irin su ajin baftisma, da tabbatarwa, da Jibin Ubangiji, da horo, duk da Hausa ake faɗinsu.

Akwai wata ikkilisiyar Lutheran ta biyu a ƙasar Ibibiyo, a Jihar Akwa Ibom, wadda ta faro a 1936 da taimakon Amurkawa. Ita da ta Numan uwa ɗaya ce, amma ɗaki daban, kuma za mu ga inda bambancin ke shafar baƙo.

Ƙofa ɗaya ce

A koyarwar Lutheran, abin da ke shigar da mutum cikin ikkilisiya shi ne baftisma, wato a zuba masa ruwa da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Kati, da rajista, da kuɗin ƙungiya, da anko, duk daga baya suke zuwa. Kuma tun da suna ɗaukar baftisma a matsayin aikin Allah a kan mutum, sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Ko mutum ya bauɗe shekara ashirin ya dawo, ba a sake yi masa. Hujjarsu ita ce, shi ne ya tafi, alkawarin yana nan inda ya bar shi.

Masu shigowa ta wannan ƙofa iri uku ne, kuma kowanne da yadda ake tarbarsa.

Na farko shi ne jariri. A nan ne 'yan Lutheran suka rabu da maƙwabtansu na ECWA, da Baptist, da EYN, waɗanda ke jira sai mutum ya yi wayo ya furta bangaskiya da bakinsa. Takardar aƙidar da aka gabatar a birnin Augsburg a 1530, wadda ikkilisiyoyin Lutheran ke tsaye a kanta har yau, ta fito fili ta ce a yi wa yara baftisma. Dalilin ya koma ga maganar kyauta: in ceto ba a saye yake ba, jaririn da bai san komai ba, bai kuma yi komai ba, shi ne misalin da ya fi kowanne nuna hakan.

Ranar abin, iyaye kan fito gaba da jaririn cikin fararen kaya, tare da waɗanda za su tsaya masa, mutum ɗaya ko biyu daga cikin mambobin da ake ganin mutuncinsu. Fasto zai tambayi sunan yaron. Zai tambayi manyan ko sun rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ko sun gaskata da abin da ke cikin Shaidar Bangaskiya, su amsa a madadinsa. Sai ya ɗebo ruwa da tafin hannu daga kwanon baftisma ya zuba a kan yaron sau uku. Galibi a zubi na biyu yaron kan tsala ihu, mata su yi dariya, wata ta rangaɗa guɗa. A share masa kai, a yi addu'a, a nuna shi ga jama'a. Daga wannan lokaci mamba ne, sunansa ya shiga littafi, ko da yake ba zai ci Jibi ba sai ya girma an koya masa.

A nan ina da ƙorafi a kan yadda ake zaɓen masu tsayawa. Aikinsu na asali shi ne su sa ido a kan tarbiyyar yaron, su tabbatar an koya masa addininsa, musamman in iyayen suka rasu ko suka yi sakaci. Yanzu iyaye da yawa mai mota suke nema. Ya zo ranar, ya ɗauki hoto, ya ba da ambulan, daga nan yaron ba zai ƙara ganinsa ba sai ranar aurensa, in ma ya zo.

Aji kafin ruwa

Na biyu shi ne babban da bai taɓa yin baftisma ba. Shi ba a gaggawa da shi. Zai fara ganin fasto, ko mai bishara in a ƙauye ne inda fasto ɗaya ke zagaya majami'u da yawa, a saurari labarinsa, a sa shi a ajin baftisma. Ajin kan ɗauki watanni, wani wurin ya kai shekara. A zamanin Turawan mishan ya fi haka tsawo, kuma ajin baftisma da ajin koyon karatu kusan abu ɗaya ne, domin ana so mai bi ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansa. Tsofaffi da yawa a yankin Numan a wannan ajin suka fara sanin baƙi da wasali.

Littafin ajin ƙarami ne, ya shiga aljihun riga. Luther ya rubuta shi a 1529, bayan ya zagaya ƙauyukan Saxony ya tarar talakawa ba su san ko Addu'ar Ubangiji ba, wasu limaman ma ba su fi su ba. Ransa ya ɓaci, ya zauna ya tsara Ƙaramin Katikisim, tambaya da amsa, yadda maigida zai iya koya wa iyalinsa. A ciki akwai Dokoki Goma, da Shaidar Bangaskiyar Manzanni, da Addu'ar Ubangiji, da bayanin baftisma, da furta zunubi, da Jibin Ubangiji. Kowane sashe ana biye shi da tambayar ma'anarsa, don kada a haddace kamar aku. Shekara kusan ɗari biyar ke nan, kuma shi ne dai ake riƙewa a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bayan majami'a da yammacin Asabar.

In aji ya ƙare, dattawa da fasto kan zauna da masu neman baftisma ɗaya bayan ɗaya su gwada su. Ban da karatu, ana duba zaman mutum: yaya yake da iyalinsa, me unguwa ke faɗi a kansa, ya rabu da tsafi ko yana da ƙafa biyu. Ranar baftisma shi da kansa zai amsa tambayoyin da aka amsa wa jariri, ya durƙusa ko ya sunkuya a zuba masa ruwa. Da yawa a nan suke ɗaukar sabon suna, Bulus, ko Istifanus, ko Rifkatu, ko da yake babu dokar da ta ce sai an sauya. Wanda aka yi wa baftisma yana babba ba ya jira kamar yaro, hanyar Jibi ta buɗe masa.

Tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan aji tun farkon mishan ita ce ta mai mata fiye da ɗaya. Yawancin Turawan mishan a Afirka sun ƙi yi wa irin wannan magidanci baftisma sai ya rabu da sauran, abin da ya jefa mata da yara da yawa cikin wahala. Ikkilisiyar Lutheran ta Laberiya ta sassauta a 1951, ta yarda a yi wa wanda ya riga ya yi auren kafin ya tuba baftisma, amma ba za a ba shi muƙami ba. Wanda ke cikin wannan hali, ya faɗa wa fasto tun ranar farko, kada ya bari sai an zo gwaji.

Tabbatarwa

Mu koma ga jaririn nan da ya yi ihu. In ya kai shekarun samartaka, shi ma zai shiga aji, ya karanta katikisim ɗin da manya suka karanta. A ƙarshe ya tsaya a gaban jama'a ya maimaita da bakinsa alkawarin da aka ɗauka a madadinsa, a ɗora masa hannu a kai, a yi masa addu'a. Wannan ita ce tabbatarwa. Daga ranar yana cin Jibi, ana kuma lissafa shi cikin cikakkun mambobi.

Luther kansa bai ɗauki tabbatarwa a matsayin sakramenti ba. Katolika suna da bakwai, shi ya tsaya a kan baftisma da Jibi. Wani abokin tafiyarsa, Martin Bucer, shi ya tsara tabbatarwa irin ta Furotesta a ƙasar Hesse a 1539, don amsa masu cewa yaya za a kira mutum Kirista alhali bai taɓa buɗe baki ya ce ya yarda ba. Saboda haka tabbatarwa ba ta ƙara wa baftisma komai, mai ita ne ke cewa na ji, na kuma karɓa. Abin takaicin shi ne yadda wasu matasa ke ɗaukar ranar kamar bikin gama makaranta. An ɗinka sabon kaya, an ci shinkafa, daga nan sai Kirsimeti.

Wanda ya zo daga wani wuri

Na uku shi ne ya fi yawa a birane, kuma a kansa aka fi samun ruɗani. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Guyuk zuwa Abuja, ɗalibar da ta zo jami'a, amaryar da aka kawo daga wata ɗariƙa.

In daga wata majami'ar Lutheran ya fito, abin da sauƙi. Ya karɓo takarda daga faston da ya baro, mai shaida cewa an yi masa baftisma, an tabbatar da shi, kuma ba ya ƙarƙashin horo. Ya miƙa wa sabon fasto, dattawa su duba, a karanta sunansa a sujada, a rubuta shi a littafi. Tsarin LCCN hawa-hawa ne, daga majami'a zuwa gunduma, zuwa yanki, zuwa dayosis, don haka in an yi shakka, bincike ba ya wuya.

In daga wata ɗariƙa ya fito, tambayar farko ita ce, an yi maka baftisma da ruwa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki? In amsar i ce, ba za a sake ba, ko Katolika ne suka yi, ko Angilika, ko ECWA, ko a kogi aka nutsar da shi, ko a kwano aka ɗiba. Yawan ruwan ba ya cikin lissafi. Abin da za a nema shi ne ya zauna a koya masa inda 'yan Lutheran suka bambanta, musamman a kan Jibi. Su sun gaskata cewa jiki da jinin Almasihu suna nan da gaske a cikin gurasar da ƙoƙon, ba tuni kawai ake yi ba. A kan wannan batu ne Luther da wani jagoran Furotesta mai suna Zwingli suka rabu baram-baram a garin Marburg a 1529, bayan sun daidaita a kan kusan komai. In ya gamsu, sai ya tsaya a gaban jama'a ya furta bangaskiya, a karɓe shi.

Abin lura, hanyar ba koyaushe take zuwa da komowa ba. Ɗan Lutheran da aka yi wa baftisma yana jariri, in ya koma ɗariƙar da ke yi wa manya kawai, sau da yawa sai a ce ya shiga ruwa. Wannan yana yi wa iyaye ciwo, don a wurinsu kamar an ce ta farkon banza ce. Masu shirin aure tsakanin ɗariƙu biyu, gara su warware wannan tun ana zance, tare da batun ko za a yi wa 'ya'yansu baftisma suna jarirai. Na ga gidan da wannan magana ta hana miji da mata cin tuwo tare har mako guda.

Game da baƙon da ke son cin Jibi kafin a karɓe shi, al'ada ta bambanta. LCCN tana cikin TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, tare da COCIN da EYN da sauransu, don haka ta saba da cuɗanya da maƙwabta. 'Yan Lutheran masu bin tsarin Missouri na Amurka, waɗanda ikkilisiyar Akwa Ibom ke da alaƙa da su, sun fi tsauri, suna so a yarda da aƙida ɗaya kafin a haɗa teburi. Ladabin dai shi ne, baƙo ya ga fasto ko wani dattijo kafin a fara sujada.

Akwai kuma karɓa ta huɗu da ba a cika lissafawa ba, ta wanda aka sa a horo. Mamban da ya yi laifin da ya fito fili, ana dakatar da shi daga Jibi da riƙe muƙami na wani lokaci. Bai daina zama mamba ba, tun da baftismarsa tana nan. In ya tuba, wa'adi ya cika, ana sanar da jama'a an mayar da shi. Sai dai a gaskiya, a yawancin ikkilisiyoyinmu horon ya fi faɗa wa yarinyar da cikinta ya fito, saurayin kuwa yana can yana kaɗa ganga a cikin mawaƙa.

Bayan an rubuta suna

Mamba yana da haƙƙi, yana kuma da kaya a kansa. Za a ɗaura masa aure, a yi wa 'ya'yansa baftisma, a ziyarce shi in ya kwanta, a yi masa jana'iza. Yana da murya in an zo zaɓen dattawa. Shi kuma ana sa ran ganinsa a sujada, ya ba da baiko da zakka gwargwadon ƙarfinsa, ya shiga aikin gayya in ana gini.

Amma in ana maganar inda baƙo ke zama ɗan gida da gaske, a ƙungiyoyi ne. Matar da ta shiga Zumuntar Mata, aka ba ta zanen ƙungiya, ta koyi waƙoƙinsu da kiɗan tulu, ta sami waɗanda za su cika mata gida ranar haihuwa da ranar makoki. Saurayin da ya shiga mawaƙa ko ƙungiyar matasa, cikin wata biyu ya san kowa. Wanda kuwa ya tsaya a kujerar baya, ana cewa amin ya fice, zai shekara biyar ana tambayarsa, kai baƙo ne?

Laifin ba na baƙon kaɗai ba ne. Majami'u da yawa a birane ƙauye ɗaya ne ya taso ya kafa su. Dattawa 'yan gari ɗaya, ma'aji ɗan'uwan magatakarda, wa'azi da Hausa amma ana fita waje hira ta koma yaren gida. Babu wanda ya kori baƙo, babu kuma wanda ya ce masa zo mu je gida ka sha kunu. Na taɓa zama kusa da wata mata a wata majami'a, ta ce mini shekararta uku a nan, an karanta takardarta, an tafa mata, amma da mahaifiyarta ta rasu mutum biyu ne suka zo gaisuwa, ɗaya ma kuskuren gida ya yi. Ba ta bar majami'ar ba, sai dai ta daina tsayawa gaisawa bayan sujada.

An kuma ga akasin haka. A ƙarshen 2014, da Boko Haram suka kama Mubi, suka gangaro har Hong, jama'a sun kwararo Yola da abin da ke jikinsu kawai. Babu mai kati, babu mai takardar fasto, littattafan wasu majami'un ma sun ƙone. Mutane sun kwana a harabar majami'u da gidajen waɗanda ba su taɓa sani ba, Musulmi da Kirista, kuma ba a tsaya tambayar takarda ba kafin a ba mutum tabarma. Takardun daga baya aka nemo su, ta bakin shaidu da fastocin da su ma gudun suka yi.

Takardar Augsburg ta ce ba dole ba ne bukukuwan da mutane suka tsara su zama iri ɗaya a ko'ina, muddin wa'azin Bishara da sakramenti suna nan daidai. Don haka abin da ka gani a Numan zai iya bambanta kaɗan da na Ngaundere a Kamaru, inda 'yan Norwe da Amurkawa suka kafa tasu ikkilisiyar Lutheran, ko ma da na gundumar da ke maƙwabtaka da kai. Tsawon aji, da ranar karɓa, da wanda ke ɗora hannu, duk suna iya canzawa.

Mai karatu, in kana shirin ƙaura, je wurin fastonka ka karɓi takardarka kafin ka ɗaure kaya, ka haɗa da katin baftismarka da na yara, ka ɗauki hotonsu a waya saboda halin yau da gobe. In ka isa, kada ka tsaya a kan tafin ranar farko, nemi magatakarda ka ga sunanka a littafi da idonka. In kuwa kai ne ɗan gida, Lahadi mai zuwa ka riƙe sunan wanda ya miƙe tsaye, ka tambaye shi unguwar da ya sauka, ka leƙa shi kafin mako ya zagayo.